Jinyar Kawu: Tirelar da Birkinta Biyu Suka Tsinke

Da tari abin ya fara, a hunturun ƙarshen 2023. Rabin mutanen Kano tari suke yi a irin wannan lokaci, don haka ba wanda ya ɗaga kai ya dubi Kawu. Direban tirela ne, ya fi shekara talatin yana ɗauko kaya daga Apapa zuwa Kano, wani zubin ya zarce Maiduguri, kuma tun yana karen mota yake shan sigari. Kwali guda a rana, in tafiyar dare ce ya ɗara haka. Ƙanin mahaifiyata ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce "Uwata".

Ni na karanci kimiyyar sinadaran jiki a jami'a, yanzu ina koyar da bayoloji a wata sakandaren 'yan mata. A danginmu wannan ya isa a maida mutum likita. Duk takardar da ta fito daga asibiti, hannuna ake miƙo wa.

A watan Janairu ya fara ganin jini a kaki. Muka je wani ƙaramin asibiti, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga inuwa a ɓangaren dama, can kusa da tsakiya. Gwajin kaki na GeneXpert bai nuna tibi ba, wato tarin fuka, amma aka ce a fara maganin tibin a gani. Na yarda, ni ce ma na lallashe shi ya riƙa sha. Har gobe ban ga babban laifinsu a ranar farko ba: rama, zufar dare, tari da jini, duk kayan tibi ne, tibi kuwa ya yi mana yawa a ƙasar nan, ga maganinsa kyauta. Abin da ke ci mini rai shi ne mako shida da suka biyo baya. Mutum yana ƙara lalacewa, ana ƙara masa ƙwayoyi, ba wanda ya koma ya sake tambayar ko tibin ne. Har da ni.

Cikin azumi fuskarsa ta fara kumbura. Da sahur ta fi muni, idanu su yi luhu-luhu, jijiyoyin wuya su fito raɗa-raɗa, hularsa ta ƙi shiga. Kwana kaɗan bayan haka ya fara sambatu. Ya dubi Umma ya tambaye ta ko an gama lodi, ya riƙa kiran wani yaron motarsa da ya rasu shekaru da dama. Nan gida ya rabu biyu, masu cewa iska ce da masu cewa an yi masa asiri a tasha. Aka kawo rubutu da hayaƙi. Ban hana ba, amma na sa yayana ya ɗauko mota muka nufi asibitin koyarwa.

Wata matashiyar likita ce ta karɓe mu. Ta duba sakamakon jini ta nuna mini lamba ɗaya: gishirin jininsa, wato sodiyam, ya sauka zuwa 118, alhali na mai lafiya tsakanin 135 da 145 yake. Ta ce wannan ne sambatun. Kumburin fuska kuma, wani abu ne a tsakiyar ƙirji ya danne babbar jijiyar da ke maido jini daga kai da hannuwa zuwa zuciya. Sai ta tambayi shekara nawa ya yi yana shan taba. Da na faɗa mata ta yi shiru, sannan ta ce, "Malama, ba zan kama suna ba sai an ɗebi nama an duba. Amma ku daina ba shi maganin tibin nan, kuma ku rage masa ruwa."

Rage ruwa ga mara lafiyar da ke fama da ƙishi, wannan sai da na yi da gaske kafin Anti, matarsa, ta yarda. Dalilin kuwa shi ne ya fara jan hankalina zuwa cikin cutar. Akwai sinadarin da ƙwaƙwalwa ke aikawa ga ƙoda tana ce mata ta riƙe ruwa. Ƙarin da ke huhun Kawu shi ma ya koyi haɗa wannan sinadari, yana ta zuba shi cikin jini ba dare ba rana, ƙoda na riƙe ruwa, ruwan na tsinka gishirin jini kamar an cika wa miya ruwa. Na kwana ina tambayar kaina me ya haɗa ƙarin huhu da aikin ƙwaƙwalwa.

Amsar tana cikin asalin cutar. A bangon hanyoyin iska na huhu akwai wasu ƙwayoyin jiki 'yan ƙalilan, ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, waɗanda rabinsu halin jijiyar saƙo ne, rabi halin masu fitar da sinadari. Aikinsu su ɗanɗana iskar da ke shigowa su aika da labari. Daga irin waɗannan ne galibi kansar da ta kama Kawu, wato ciwon daji, ke tasowa, kuma ba ta manta gidansu ba. Duk abin da ya faru da mu daga baya, har ƙarshe, yana da alaƙa da wannan gado.

Hoton CT ya nuna ƙarin a tsakiyar ƙirji, da ɗigo-ɗigo a hanta, da wani kumburi a saman ƙodar hagu. Sa'ar da muka ci ita ce akwai kaluluwa mai tauri a ramin gefen wuyansa, saboda haka ba sai an zura na'ura cikin huhu ba. Aka kashe wurin da allura, aka yanko ɗan nama da bai fi ƙwayar wake ba, aka jefa a kwalbar ruwan fomalin, aka miƙo mini in kai ɗakin gwaji da kaina. Kwana goma sha biyu muka jira. Rabin jiran na wasu rini ne na musamman da ba a da su a lokacin, sai da muka biya aka aika wani wuri.

Likitan gwajin nama dattijo ne mai haƙuri. Da ya ji abin da nake koyarwa sai ya ce in zo in leƙa. Ya nuna mini yadda aka daskarar da naman cikin kakin kyandir, aka yanka shi siriri fiye da fatar albasa, aka rina. Na sa ido a madubin. Shekara da shekaru ina zana wa ɗalibai ƙwayar jiki a allo, da cibiya a tsakiya da fili kewaye da ita. Waɗannan ba su da filin. Kusan cibiya ce zalla, shuɗi mai duhu, sun cunkushe har kowace ta lotsa ta ɗauki siffar maƙwabciyarta, kamar fasinjoji a bayan akori-kura. A gefe guda wasu sun murƙushe sun zama zare-zare, don ba su da ƙwari, ɗan matsin almakashi ma fasa su yake yi. Ya ce a 1926 wani likitan Ingila mai suna Barnard ya kwatanta su da ƙwayar wani hatsin Turawa, sunan ya bi su shekaru. Ni dai riɗi na gani an zube a faranti.

Sai ya sauya gilashi. Wannan an rina shi da abin da ke kama furotin mai suna Ki-67, wanda ba ya bayyana sai a ƙwayar da ke cikin hidimar rabuwa biyu. Kusan duk filin ya koma ruwan ƙasa. Ya ce cikin goma, tara suna kan haihuwa. Sauran rinin sun tabbatar da halin jijiyar nan. Ya rubuta sunan: kansar huhu mai ƙananan ƙwayoyi. Cikin masu kansar huhu bakwai, kusan ɗaya ne ke da irinta, kuma da wuya ka same ta a jikin wanda bai sha taba ba.

Dangi suka ce kada a gaya masa. Na kwana biyu ina kewaye-kewaye, ranar ta uku ya kore kowa daga ɗaki ya ce, "Uwata, kar ki yi mini kwana-kwana. Ni na san injin da ya buga. Faɗa mini me ya lalace."

Na ce masa a cikin kowace ƙwayar jiki akwai littafin gado, DNA, kuma a ciki akwai umarni biyu da aikinsu tsayarwa ne. Ɗaya sunansa RB1. Shi ne mai tsaron ƙofa, ba ya barin ƙwaya ta fara kwafar littafinta don ta rabu sai lokaci ya yi. An gano shi ne a 1986 ta hanyar kansar idon ƙananan yara, wadda ke sa ƙwayar ido ta yi fari tana ƙyalli kamar ta kyanwa da dare. Na biyu TP53. Shi kuma mai duba ɓarna ne: in littafin ya yage, ya tsayar da aiki a gyara, in ba ya gyaruwa ya umarci ƙwayar ta kashe kanta. Na ce a cutarsa duka biyun sun mutu.

Ya yi shiru, sai ya ce, "Birkin ƙafa da birkin hannu ke nan."

Na ce haka ne, kuma kowanne kwafi biyu ne, na uwa da na uba, sai duka sun lalace.

Ya ce, "To ai ba a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ake gane mota ba ta da birki ba. Sai an zo gangara. Kin san Hawan Kibo?" Ban taɓa bin hanyar Jos zuwa Akwanga ba, amma na sha jin labarin wurin a bakinsa. Ya ce in tirela mai lodi ta kama gangaren nan ba birki, direba ba tuƙi yake yi ba, rakiya yake yi. Daga ranar duk bayanin da zan yi masa, da yaren mota nake yi, shi kuma yana gyara mini.

Kwatancen nasa ya fi dacewa da wannan kansa fiye da kowace. A sauran cututtukan daji akan sami TP53 ya lalace a wasu, RB1 a wasu. A wannan kuwa, masu bincike ƙarƙashin jagorancin wata tawaga a birnin Kolon na Jamus sun karanta littafin gadon ƙari 110 gaba ɗaya, suka wallafa a 2015, suka tarar kusan babu wanda ba a kashe masa duka biyun ba. Tun kafin nan, a 2003, a cibiyar binciken kansa da ke Amstadam, an cire waɗannan umarni biyu kaɗai daga huhun ɓeraye, sai ga ɓerayen sun kamu da cuta mai kama da ta mutane, har tana bazuwa zuwa hanta da sauran wurare. Ga kuma totur. A wani kaso na masu cutar, umarnin dangin MYC, masu cewa "girma, rabu", ana samun an kwafe su ninki-ba-ninki, kamar totur ya maƙale a ƙasa.

Ya tambaye ni wa ya tsinka birkin. Na san ya san amsar. A 2010 masu bincike a cibiyar Sanger ta Ingila sun karanta littafin gadon ƙwayoyin wani mai irin wannan cuta, suka ƙirga kurakurai 22,910, da yawansu ɗauke da tambarin hayaƙin taba, har suka ƙiyasta cewa duk kara 15 na barin tabo guda. Tun 1996 ma an nuna cewa wani sinadarin da ke cikin hayaƙin yana zuwa ya manne daidai wuraren da TP53 ya fi lalacewa a kansar huhu. Kawu ya yi lissafi da yatsu, kara ashirin a rana, shekara talatin da biyar. Bai faɗi jimla ba. Ya zura hannu ƙarƙashin matashi ya fito da kwali da ashana ya miƙo mini. Ban san yana ɓoye da su a asibiti ba.

Umma ce ta kafe a kan tiyata. Tunda an ga abin, me zai hana a yanke shi a huta? Likitan kansa ya ce mata, "Hajiya, da wuri ɗaya yake da mun duba yiwuwar haka. Wannan ya riga ya shiga jini." Kusan biyu cikin uku na masu wannan cuta, ranar da aka gano ta ta riga ta bar ƙirji.

Wannan batu na shiga jini shi na fi daɗewa a kai, don shi ne ya hana ni barci. Kansa da yawa sukan yi shekaru a wuri ɗaya kafin 'ya'yansu su koyi tafiya. Wannan tun tana ƙarama take sakin 'ya'ya. A birnin Manchesta na Ingila, tawagar Farfesa Caroline Dive ta riƙa ɗibar jinin marasa lafiya, abin da bai fi cokali biyu ba, tana tace ƙwayoyin kansar da ke yawo a ciki. A wasu cututtukan daji da ƙyar a sami ƙwaya biyar. A wannan akan sami ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. A 2014 suka nuna cewa in aka sa waɗannan ƙwayoyi a jikin ɓera, ƙari ne ke tsirowa, mai halin na mutumin da aka ɗebo daga jikinsa, har yadda yake amsa magani. Wato abin da ke yawo a jinin iri ne mai rai, ba ɓaraguzai ba.

Yaya ƙwayar da aka halitta don ta zauna a bangon huhu take koyon tafiya? Zaren DNA na ƙwaya ɗaya ya kai mita biyu in an miƙe shi, saboda haka a naɗe yake a jikin wasu furotin, kamar zare a mazari. Inda aka naɗe tamau ba ya karantuwa. Ƙwayar huhu da ta ƙwaƙwalwa littafinsu ɗaya, bambancin shi ne shafukan da aka buɗe wa kowace. A 2016 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka kwatanta ƙarin da ke huhun ɓeraye da wanda ya riga ya isa hanta. Suka tarar a na hantar wani furotin mai suna NFIB ya yi yawa, kuma ya bi ya sassauta naɗin a wurare masu ɗimbin yawa. Shafukan da ya buɗe, da yawansu na jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne, irin waɗanda ƙwayoyin ɗan tayi ke amfani da su lokacin da suke ƙaura zuwa mazauninsu. Daga baya aka ga ƙwayoyin kansar suna fitar da dogayen hannuwa irin na jijiya suna jan jiki da su. Ba sabon kuskure aka ƙara a littafin ba, tsohon babi ne aka buɗe a inda bai kamata ba. Da na gaya wa Kawu sai ya ce, ashe ba birki kaɗai ba, har taswirar hanya aka ba ta.

Aka fara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, bayan ƙaramar Sallah. Tsarin bai da wuyar riƙewa: rana ta farko ƙarin ruwa biyu, kabofilatin da etofosaid, rana ta biyu da ta uku etofosaid kaɗai, sai hutun da zai cika kwana 21, a sake. Zagaye huɗu. Kafin kowane zagaye sai an gwada jini, in ƙwayoyin garkuwa sun yi ƙasa a ɗaga. Mu ke sayo maganin mu kawo, kuma sau ɗaya sai da yayana ya zagaye kantin magani biyar kafin ya samu. Wannan haɗin tun shekarun 1980 ake amfani da shi. Na farkon yana ɗaure zaren DNA da junansa, na biyun yana kama furotin ɗin da ke yanke zaren ya warware shi ya sake ɗinkewa, ya riƙe shi bayan ya yanka kafin ya ɗinke. Ƙwayar da ke zaune lafiya tana da lokacin gyara. Wadda ke gudu ba birki sai ta afka cikin ɓarnar ta tarwatse.

Abin da na gani da idona ya fi ƙarfin abin da na karanta. Kwana biyar da zagayen farko fuskar Kawu ta saɓe. Kaluluwar wuya ta narke kamar man shanu a rana. Gishirin jini ya hau, hankalinsa ya dawo tas. Gashi ya zube, amai ya wahalar da shi, amma ranar Babbar Sallah, a watan Yuni, shi ya yanka ragonsa da hannunsa. Dangi suka yi ta zuwa barka. Masu rubutu suka ce rubutu ne, masu asibiti suka ce asibiti ne. Ni kaɗai nake murmushin yaƙe, don likita ya riga ya ja ni gefe ya ce kusan biyu cikin uku suna amsa magani haka, kuma kusan dukkansu tana dawo musu cikin watanni.

A wannan tsakanin ne maganar allurar tada garkuwar jiki ta taso. Gwajin da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa ƙara atezolizumab a kan kemo ya ɗaga matsakaicin tsawon rai daga wata 10.3 zuwa 12.3. Bayan shekara talatin ba ci gaba, wannan babban labari ne a wurin likitoci, kuma akwai 'yan tsirarun da suke daɗewa sosai a kansa. Amma ƙarin bai fi haka ba saboda yawancin ƙwayoyin wannan kansa sun sauke allon da kowace ƙwaya ke ɗagawa don sojojin jiki su ga abin da ke cikinta. Kurakurai dubbai, amma ba lambar mota. Kuɗin allurar kuwa, sai an sayar da gidan da iyalinsa ke ciki, kuma ba zai kai ƙarshe ba. Na zayyana masa komai ban rage ba. Ya ce, "Uwata, in sayar da rufin kan yara in sayi wata biyu? Bar shi." Ban yi masa gardama ba, kuma har yau ina ganin daidai ya yi.

Wata uku muka samu masu daɗi. Har tasha yake zuwa ya zauna da abokai, ko da yake bai sake hawa mota ba.

A Oktoba ciwon kai ya fara, mai tsanani da asuba, da amai ba tashin zuciya. Wata rana buta ta suɓuce daga hannunsa na hagu yana alwala, ya ɗauka ta sake suɓucewa. Hoton kai ya nuna ƙari huɗu. Ƙwaƙwalwa tana da shinge da ke tace abin da ke shigowa daga jini, yana hana yawancin magunguna wucewa sosai, saboda haka 'ya'yan da suka riga suka tsallaka sun sami mafaka. Kuma ba baƙunta suka je ba. Ƙwayar da ke da halin jijiya, in ta isa ƙwaƙwalwa, kamar ta koma cikin dangi ne. Bayan rasuwarsa, a 2025, na karanta binciken da ya nuna cewa ƙwayoyin wannan kansa suna ƙulla mahaɗa ta gaske da jijiyoyi, suna karɓar saƙon lantarki daga gare su, saƙon kuma yana ƙara musu girma. Na ajiye wayar na daɗe ban ɗauka ba.

Hantar ma ta sake cika. Aka gwada kemo na biyu, bai yi ko rabin aikin na farko ba. Anti ta tambaye ni ko jabun magani aka sayar mana. Tambaya ce mai ma'ana a ƙasar nan, amma ba sai an kai ga jabu ba kafin a fahimci abin da ya faru. Cutar da ta dawo ba ita ce ta watan Afrilu ba.

Akwai furotin mai suna SLFN11. In ƙwaya na da shi, kuma kemo ya lalata mata zare tana tsakiyar kwafa, shi ne ke tsayar da aikin tsayawar da ba tashi, ƙwayar ta mutu. A 2017 masu bincike a birnin New York suka yi ta ba ɓeraye masu ɗauke da ƙarin mutane kemo zagaye bayan zagaye har ya daina aiki, suka duba me ya canza. A da yawa, wani furotin mai suna EZH2 ya je ya naɗe shafin SLFN11 tamau, ya rufe shi. Ga kuma sauya kama. A 2019 masana suka kasa cutar gida-gida bisa furotin ɗin da ke jan ragamar ƙwaya, mafi yawa ASCL1, sai NEUROD1, sai POU2F3, da wani rukuni na huɗu da aka yi ta muhawara a kansa. Shekara guda bayan haka wata tawaga a jihar Yuta ta Amurka ta nuna cewa waɗannan gidaje ba katanga tsakaninsu: MYC na iya tura ƙwaya daga wannan hali zuwa wancan, har ta tuɓe rigar jijiyar gaba ɗaya. Waɗanda suka tuɓe ba sa saurin rabuwa, don haka kemo ba ya cin su sosai, kuma an ga suna tallafa wa masu saurin. Ƙari ɗaya, amma gari guda ne da masu sana'a daban-daban. Kemon farko ya kashe masu gudu, ya bar wa masu laɓewa fili.

Ba a karanta littafin gadon ƙarin Kawu ba, don ko a manyan asibitocin duniya sanin rukunin bai riga ya zama abin da ke sauya maganin da za a ba mutum ba. Wannan ne abin da ya fi ba ni takaici a duk karatun da na yi. A ɗaya nau'in kansar huhun, akan sami totur guda da ya maƙale, a ba mutum ƙwayar da za ta ɗaga shi. A nan babbar ɓarnar rashi ce, kuma magani ya iya toshe abin da ke aiki fiye da kima, amma bai iya maido abin da babu ba. Hanyar da aka samu ita ce ta alamar da ke jikin ƙwayar. Yawancin ƙwayoyin wannan kansa suna ɗauke da furotin DLL3 a bayansu, lafiyayyun ƙwayoyi kuwa kusan ba su da shi a waje. A watan Mayun 2024, muna tsakiyar zagaye na biyu, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da tarlatamab, maganin da ke kama DLL3 da hannu ɗaya, ya kama sojan garkuwar jiki da ɗayan, ya haɗa su fuska da fuska. Na gaya wa Kawu don ya ce kada in ɓoye masa komai. Ya ce, "Madalla. Na bayanmu za su samu."

Gashi aka rubuta masa a kai, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, zama goma. Na'urar da ta fi kusa da mu ta lalace a makon, muka yi tafiyar sa'o'i zuwa wani gari, muka kama ɗaki, muka bi layi. Gashin da ƙwayoyin rage kumburi sun dawo masa da hannun har ya iya riƙe carbi. Daga nan sai maganin ciwo, ruwan mofin a cokali duk bayan sa'a huɗu, wanda samunsa ma wani aiki ne. Ya ce a maida shi gida. Ya rasu a ɗakinsa cikin Disamba, da hunturu, shekara guda da fara tarin.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun watse, Umma ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce, "Ke kika karanta. Da ba mu ɓata wata biyun nan a maganin tibi ba, da ya tashi?"

Na gaya mata abin da na sani. Wanda aka kama tasa tana ƙirji kaɗai, aka haɗa masa kemo da gashi, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar yana kaiwa shekara biyar. In an haɗa kowa da kowa, waɗanda ke kaiwa hakan ba su fi bakwai cikin ɗari ba. Ɗigon da aka gani a hantarsa a watan Maris ba a kwana ɗaya suka tsiro ba, kuma cutar da ke sakin iri tun kafin mutum ya fara tari, mai yiwuwa ne ta riga mu tun Janairu. Amma ban ce mata wata biyun ba komai ba ne, don a cutar da tara cikin goma na ƙwayoyinta ke kan rabuwa, wata biyu ba wasa ba ne. Ta ce, "Allah ya sa kwanansa ne ya ƙare." Na ce amin.

Bayan arba'in na koma asibitin in mayar da ragowar mofin, na biya ta ɗakin gwajin nama in yi wa dattijon nan godiya. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya buɗe wata durowa mai cike da ƙananan ɗunƙulen kaki jere da lambobi, ya zaro ɗaya ya ɗora mini a tafin hannu. Bai fi ɗunƙulen magi ba, da ɗan tabo mai ruwan toka a tsakiya. Ya ce suna ajiye su shekaru, kuma in wata rana aka zo neman irinsu don bincike, sai an nemi izinin iyali. Na ce ya rubuta lambar wayata a jikin katin. Ya rubuta, ya mayar da shi layinsa, ya tura durowar.